Shuɗiyar Tukunya a Ƙauyen Masunta

Shekarar da autarmu ta tafi jami'a, flat ɗinmu na Thamesmead a London ya yi wani irin shiru da ban taɓa saninsa da shi ba. Da can ƙorafina kullum hayaniya ce: wannan ya buga ƙofa, waccan ta ƙwace remote, takalma a baje har bakin kicin. Da suka watse sai na gano wani abu da ya tsorata ni. Ashe duk hirar da ni da maigidana muka yi shekara ashirin da ɗoriya, ta yara ce. Wa zai ɗauko su daga Islamiyya, wa ke tari, wa ya faɗi lissafi. Yanzu sai mu zauna mu biyu a tebur, ya ce miya ta yi daɗi, in ce na gode, shi ke nan an gama. Ba faɗa muke yi ba. Mutum ne mai haƙuri, mai tsare haƙƙi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Tsorona dai kada ya zamana abin da ya haɗa mu ya girma ya bar gida, mu ƙarasa rayuwa muna girmama juna kamar maƙwabta.

Ni kuma da littattafan soyayya na tashi. A unguwarmu a Kano akwai mai shagon da ke ba da su haya. Nakan karɓo in sa a tsakiyar littafin makaranta, in kwanta rub-da-ciki a ɗakin kakata ina karantawa, a yi ta kirana ban ji ba. A cikinsu namiji yakan yi magana shafi guda bai numfasa ba, a cikin wani lambu ko a bakin wani ruwa, mace na sunkuye tana wasa da zobenta. Na san ba haka duniya take ba, amma wani ɓangare na zuciyata bai taɓa yarda ba, har yau kuwa. Sai na sa a raina cewa matsalarmu ta wuri ce. Wa zai iya faɗin abin da ke ransa a saman bene, yana kallon siminti da tashar bas? In na samo ruwan da ya dace da dutsen da ya dace, bakinsa zai buɗe.

A tashar Stratford na ga wurin, a jikin wani babban allon talla, ina jiran jirgin ƙarƙashin ƙasa. Duwatsu ne baƙaƙe dogaye, ƙanƙara a kawunansu, teku ya kutsa tsakaninsu ya kwanta luf, ga wasu jajayen ɗakunan katako a bakin ruwa kamar an jera su da hannu. Na tsaya kallo har jirgina ya zo ya wuce.

"Abban yara, na yi mana booking," na ce masa bayan 'yan makonni.

Ya ɗago daga wayarsa. "Umara?"

"Norway. Can ƙarshen arewacinta, ƙauyen masunta."

"Ikon Allah. Hajiya, sanyin London ne bai ishe ki ba?"

"Lokacin zafinsu ne. An ce rana ma ba ta faɗuwa."

"To Magariba fa, a ina za mu same ta?"

"Na tambayi malam, ya ce mu bi lokacin garin da ya fi kusa mai dare da rana."

Ya dube ni ta saman tabarau, kamar zai ƙara wata magana. Sai ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Na zuba kayan sanyi a akwati ɗaya. A ɗayan kuma na sa kuka, daddawa, yaji, garin semo, shinkafa da 'yar citta, don ban san abin da za mu tarar ba. Autarmu ta kira ta bidiyo ta ga akwatin a buɗe, ta yi ta dariya tana faɗa mini da Turanci cewa hutu za ni, ba ƙaura ba. Na ce mata ranar da ta yi aure za ta gane.

Mun shiga babban jirgin sama, sannan ƙarami mai farfela, sannan jirgin ruwa mai ɗaukar motoci. A cikin na ruwan ne na fara ganin abin da ya sa ni tsayawa a Stratford. Allon bai yi ƙarya ba, ragewa ma ya yi. Dutse yana tashi daga cikin ruwa kai tsaye, ba gaɓa ba yashi, har sai wuyan mutum ya ƙage wajen neman ƙarshensa. Ruwan kuma kore ne mai duhu, a natse. Irin wannan mashigin teku tsakanin duwatsu shi suke kira fiyod. Na saci kallon maigidana in ga ko abin ya fara aiki. Ya ja zif ɗin rigarsa har haɓa, ya ce, "Subhanallah." Na ce a raina, to, an fara.

Ƙauyen bai fi layi biyu ba. Ɗakin da muka kama ja ne, na katako, a tsaye a kan sanduna, rabinsa a kan dutse rabinsa a kan ruwa. In ka yi shiru kana jin teku na lasar ƙasan gado. Abin da allon talla bai faɗa mini ba shi ne wari. A bayan gidaje an kakkafa manyan rumfunan katako, an rataye busasshen kifi da kawunansa tuli-tuli, iska na kaɗa su suna ƙwas-ƙwas. Ina shaƙa sai ga ni a kasuwar Sabon Gari, layin masu sayar da busasshen kifin nan mai tauri kamar itace. Ashe daga nan yake zuwa.

Masu ɗakin tsofaffi ne, mata da miji, gidansu fari a ɗan sama da namu. Matar doguwa ce, furfura tas, ba ta da yawan magana. Mijin tsohon masunci ne, hannuwansa kamar faranti. Da ya ji daga inda muka fito sai fuskarsa ta washe, ya nuna rumfunan ya ce kawunan nan duk ƙasarmu ake kai su. Maigidana ya yi dariya, ya ce mun biyo sawun kifinmu ne mu ga gidansu.

Ba mu gama ajiye kaya ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar ce, riƙe da wata shuɗiyar tukunya ta tasa, gefenta ya ɗan ɓare. Ta ce miyar kifi ce, ta san masu tafiya da yunwa suke isowa, ta miƙo ta juya. Miyar fara ce, da madara da karas a ciki, ba barkono ko kaɗan. Na barbaɗa mana yaji, muka shanye tas.

Da na wanke tukunyar na goge, sai na tsaya da ita a hannu. A gidanmu ba a mayar da kwanon maƙwabta wayam. In an aiko miki da abinci, kwanon zai koma da wani abu a ciki, ko abin da kika dafa, ko ɗanyen hatsi, in ba komai ko sabulu ne. Mahaifiyata ta taɓa dawo da ni daga bakin zaure, ta ɗauki kwanon da zan mayar ta zuba gyaɗa, kallon da ta yi mini ya isa. A Thamesmead ma haka muke yi tsakaninmu, robobin abinci suna yawo daga bene zuwa bene, ba wadda ke sauka ba komai a ciki. To yaya zan hau wurin wannan baiwar Allah, wadda ta girme ni, in miƙa mata tukunya tana ƙara?

Washegari na dafa dafa-dukar shinkafa, na rage barkono saboda su, na cika tukunyar na kai. Ta buɗe, ta dube ni, ta yi godiya kamar wadda aka ba wa aiki. Na sauko da sauƙin zuciya, na ce wa maigidana mu zagaya ƙauye. Muka zagaya. Muka ga cocinsu ƙarami, da tsuntsayen teku sun yi sheƙa a tagogin wani tsohon sito suna ta ihu kamar masu rabon gado. Na riƙe hannun rigarsa a kan wata gada, bai janye ba.

Da muka dawo, shuɗiyar tukunya na zaune a bakin ƙofarmu. A ciki akwai wasu 'yan soyayyun abubuwa masu laushi. Daga baya tsohon ya ce harshen kifi ne, abin marmari a wurinsu.

"Kin gani ko," maigidana ya ce yana ci. "Kin taro mana."

"Na taro me? Mutunci ne."

"Ni dai ban ce komai ba. Miƙo yajin."

Daga nan tukunyar ba ta ƙara hutawa ba. Na yi tuwon semo da miyar kuka, na kai ina fargabar yadda za su yi da ita. Ta dawo da wata waina mai ramuka, da yankan cuku mai launin ƙasa, zaƙinsa kamar alewar madara. Na soya fanke. Ta dawo da dankali da kifi gasasshe. Kullum na tashi da niyyar yau ranar mu ce, ni da shi, sai in buɗe ƙofa in ga shuɗi. Ga rana ba ta faɗuwa, balle ta tuna wa mutum lokaci na tafiya. Sai waya ta yi kiran sallar La'asar in ga ashe ina tsaye gaban murhu tun hantsi.

Ba zan ce ban ji daɗi ba. Kicin ɗin yana da taga mai kallon ruwa. Ina yanka albasa ina ganin ƙananan jiragen masunta suna shigowa, tsuntsaye na bin su, haske na sauya launin dutse daga toka zuwa ruwan zuma. Nakan tsaya da wuƙa a hannu ina tsara yadda abin zai kasance ranar da za mu shiga wani fiyod mai ƙunci da kowa ke maganarsa. Tun daga London na yi booking ɗin jirgin yawon da ke kai mutane can. A cikin kaina na riga na gama rubuta komai: inda zan tsaya, yadda iska za ta ɗaga gefen mayafina, abin da zai ce, abin da zan amsa.

Shi kuwa, da ya ga ba ni da lokacinsa, sai ya koma wurin tsohon. Ta taga nake hango su a kan gadar katako, tsohon na gyaran raga, maigidana na riƙe masa igiya, bakinsa na motsi ba tsayawa. Na yi mamaki, na kuma ji ɗan kishi. Mutumin da kalmominsa a gida ba su cika cokali ba, me yake faɗa wa baƙo haka? Wata safiya ma suka fita kamun kifi, ya dawo da manya guda biyu, hancinsa ja, yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Ranar ce ya kamata mu shiga jirgin yawon. Amma da na ga kifin sai dabara ta zo mini: dambun kifi. In na kai mata dambu, abin da ke ɗaukar yini ana juyawa, ai ta san an kai ƙarshe, ba abin da za ta mayar. Na kira masu jirgi na ce a ɗaga mana zuwa ranar ƙarshe. Maigidana yana ji, ya ɗauki hularsa ya fita. Na dafa kifin, na cire ƙaya, na farfasa, na tsaya ina juyawa a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya bushe ya yi wara-wara, ƙamshin citta da albasa ya cika ɗakin. Na kai da alfahari.

Ranar ƙarshe na tashi da wuri, na fito da mayafina ruwan hoda da na ajiye don wannan fita. Jirgi da hantsi zai tashi. Na buɗe ƙofa in ga yanayin gari.

Tukunyar tana nan. Cike da wani kek mai 'ya'yan itace ja a samansa, har da ɗumi.

Na shigo da ita na ajiye, na fara lissafin abin da ya rage mini. Fulawa kaɗan, ƙwai, sukari. In na yi sauri zan iya cincin. Na juye kek ɗin a faranti, na jawo kwano na fara zuba fulawa.

"Me za ki yi?" Yana tsaye a bakin kicin, ya riga ya sa takalmi.

"Cincin. Ba zai daɗe ba."

"Jirgin fa?"

"In na yi sauri..."

"Hajiya." Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Ni tun da muka zo garin nan, bayanki kawai nake gani. Na ɗauki hutu, na hau jirgi uku, na zo ƙarshen duniya ina shan sanyi, don in zauna ina kallon ɗaurin zaninki ta baya? Wannan ai a Thamesmead ma ina samu, kyauta."

Na juyo. Ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka a kaina ba.

"Ai na ga kana da abokin hira," na ce.

"Tsoho mai warin kifi? Shi na aura?"

Dariya ta so ƙwace mini, na danne. "To ya kake so in yi? In mayar mata da tukunya ba komai? A ce matar nan daga ina ta fito?"

"Wa zai ce? Tsuntsaye?"

Bai jira amsa ba. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki tukunyar ya wanke ta da kansa, ya goge, ya rufe, ya sa a hammata ya fita. Na bi shi da gudu, hannuna duk fulawa.

"Abban yara, don Allah! Ko sabulu ne bari in saka!"

"Ba abin da za a saka."

"Za ka kunyata ni!"

"Ki ce ni ne. Ki ce mijinki ba shi da tarbiyya."

Ban iya hawa har ƙofar ba. Na laɓe a gefen rumfar kifi, kawuna na kaɗawa a samana da bakunansu a buɗe, ina leƙe kamar an aike ni sata. Tsohuwar ta fito, ya gaishe ta, ya miƙa. Ta karɓa da hannu biyu irin na mai jiran nauyi, sai hannunta ya yi sama. Ta ɗaga murfi ta leƙa. Ta daɗe tana kallon cikin tukunyar.

Sai ta fashe da dariya. Matar da tun zuwanmu murmushinta ma a gwargwado yake, ta jingina da ƙofa tana dariya har da share ido. Ta ƙwala wa mijinta kira, ya fito, ta nuna masa cikin tukunyar, shi ma ya ɗaga hannu sama kamar mai godiya ga Allah. Ta hango mayafina a bayan rumfa, ta yafito ni.

Na hau ina jan ƙafa. Ta kama hannuna duk da fulawar. Ta ce ita miyar farko ta kawo ne kawai, kowane baƙo tana kai masa, ya wanke tukunya ya dawo da ita, magana ta ƙare. Da ta ga shinkafa sai ta rikice, don a wurinsu in an yi maka alheri ba ka samun sukuni sai ka mayar da kwatankwacinsa. Ta ɗauka al'adarmu ce mai masauki ya riƙa amsawa kullum, tana tsoron in ta tsaya za ta ci mana fuska. Har 'yar'uwarta ta kira a wani gari tana neman abin da za ta dafa, don nata sun ƙare. Tsohon ya dafa cikinsa ya ce wandonsa ya daina rufuwa, amma in da sauran wannan busasshen kifi mai yaji, shi ba ya cikin sulhun.

Na ce mata ni ma tsoron cin fuskarta nake yi. Muka tsaya muna kallon juna, mata biyu da suka kwashe hutu guda suna jifan juna da abinci. Ta rungume ni, tana ƙamshin man shanu, ta ce mu yi sauri kada jirgi ya bar mu.

Mun same shi ana shirin kwance igiya. Ban tsaya a inda na tsara ba, don iskar ba ta ɗaga mayafi, fizge shi take yi. Suka ba mu wasu manyan rigunan ruwa masu kauri, muka zama kamar buhuna biyu. Muka samu benci a baya, inda ba iska, muka matsu da juna saboda sanyi.

"Wai me kuke ta faɗa da tsohon nan?" na tambaye shi.

"Kwale-kwale."

"Me ka sani game da kwale-kwale?"

"Ni? Kakana na wajen uwa masunci ne, a bakin kogin Haɗeja. Duk hutun makaranta can ake kai ni."

"Ban taɓa ji ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba. Ni ma ban taɓa faɗa ba." Ya dubi ruwan. "Har na so in gaje shi. Babana ya ce boko."

"Da yanzu matar masunci ce ni."

"Da kin huta da neman kifin dambu."

Ya ba ni labarin yadda kakan ke gane inda kifi yake daga launin ruwa, da ranar da kwale-kwale ya kife da su a wurin da bai kai ƙugu ba, ya yi ta ihu yana kiran uwarsa har tsohon ya ɗaga shi tsaye. Na yi dariya har wata Baturiya ta waigo. Na tambaye shi kakarsa fa, ya ce wannan ai labarinta ya fi na kakan, mace ce da ke sayar da kifin mijinta sannan ta hana shi ci. Jirgi na tafiya, duwatsu na matsowa ta dama da hagu har hasken ya ragu, muryar injin na dawowa daga jikin dutse. Shi ma ya tambaye ni abin da nake so in zama ina yarinya. Na ji kunya, amma na faɗa: marubuciya.

"To me ya hana?"

"Yara. Aiki. Kai."

"Ni kuma? Yaran dai sun tafi. Ni kuwa ga shi kin gani, na iya wanke tukunya."

Can sai muka ji mutane sun ɗauki sowa a gaban jirgi, kowa ya ɗaga waya. Mai jagora yana ta nuna wani abu a sama, wai ruwa ne ke zubowa daga ƙolin dutse, wurin da aka zo dominsa. Na yunƙura zan tashi, sai na ji ya riƙe gefen rigar ruwana.

"Za su juyo ta nan in za a koma," ya ce. "Zauna. Faɗa mini, wane irin littafi?"